Batsari da Safana: Fim a Memori, Kacici-kacici a Baki

A watan Satumba na shekarar 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, cikinsu har da Batsari da Safana. Kafin nan an riga an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, an hana sayar da fetur a jarka, daga baya kuma aka ce masu sana'ar cajin waya su rufe. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindigar dajin Rugu hanyar magana da masu kai musu rahoto. Ko an ci riba ko an faɗi, har yau ana musu a kai, kuma ba shi ne zancena ba. Abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan ƙaramin abu ne da babu wanda ya sa shi a lissafi lokacin da ake tsara dokar, wato darajar memori.

Waya ta wayi gari ba kira, ba saƙo, ba Facebook. Abin da ya rage mata sai tocila da abin da aka riga aka loda a ciki. Nan take duk saurayin da ke da memori cike da finafinai ya zama ɗan gata. Manhajar Xender ba ruwanta da sabis, saboda haka fim ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya, daga Wagini zuwa Ruma, daga Runka zuwa Safana, a aljihun matafiya da masu zuwa biki ko ta'aziyya. Wanda larura ta kai shi Katsina don ya buga waya ba ya dawowa hannu rabbana: ga tsarabar burodi, ga sabuwar fitowar shirin Izzar So. Mai ɗan faifan sola a kan rufi kuwa ya ga 'yan uwa irin waɗanda bai taɓa sanin yana da su ba.

A daidai waɗannan makonni, can a Amurka wani injiniya mai suna Josh Wardle ya saki wani wasan kalmomi a intanet, Wordle. Kullum kalma ɗaya mai haruffa biyar, a ba ka dama shida ka canka. Kafin Janairun 2022 ya ƙare jaridar New York Times ta saye shi. Duniya na can tana cankar kalma, mu muna nan muna hawa tudu neman sabis. Amma kada wani ya ɗauka ƙwaƙwalwa ta kwanta a nan. Tana aiki, fim ne kawai take yin aikin a kansa.

Kallo da gardama

Wanda bai taɓa zama ya kalli fim da mutanen karkara ba, bai san ana kallo da gardama ba. Na taɓa zama a teburin wani mai shayi a Batsari bayan magariba. Waya ɗaya ce, an jingine ta da gwangwanin madara, kawuna sun yi mata rumfa. A fim ɗin, jarumi wai manomi ne, talauci ya kai masa iya wuya, ya fita gona yana noma yana ƙorafi. Wani dattijo da ke gefe, wanda tun farko ya ce shi ba ya kallon wasan yara, ya leƙo.

"Kai ɗan nan, maida baya. Mi ya riƙa haka?"

"Hauya ce, Baba."

"Hauya na gani. Riƙon nike tambaya. Wanga in ya nome kunya guda haka, sai an kai shi asibiti."

Aka tsayar da fim, aka koma shari'a. Wani ya ce a duba bayansa, dawa ce tsaye alhali bakinsa na cewa gero. Wani ya hango shatin agogo a wuyan hannun talakan. Mai shayin ma, yana fifita wuta, ya jefo tasa: ganyen da ke ƙasa busasshe ne, wannan noman rani ake yi ba ruwa. Ba a ci gaba da kallo ba sai da kowa ya ci tarar daraktan.

Irin wannan kallo shi ne ruwan dare. Ana bin fim kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. In aka rubuta "bayan shekara ashirin", idanu sai su koma bango a ga ko kalandar ta canza. In jarumi ya shiga ɗaki da zanna bukar ya fito da dara, an kama shi. Sannan akwai canke, wanda shi ne rabin daɗin. Kowa ya haddace dokokin da ba a rubuta ba: mace in ta yi amai ba a jiran likita, attajiri in ya yi tari sau biyu a fara shirin rabon gado, likita in ya cire tabarau ya girgiza kai, sai salati, kishiya in ta kawo abinci tana murmushi, kowa ya ce kar a ci. Wanda cankensa ya fita daidai yana da bakin magana har gobe. Marubucin da ya iya kauce wa waɗannan ramuka ya ba su mamaki, shi ake kira gwani, kuma ba su da yawa.

Wannan ido ba jiya ya buɗe ba. Kakanni sun ga majigi, wadda motar gwamnati ke kawowa fili a haska irin su Baban Larai. Iyaye sun tashi da rediyon Kaduna, da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Duniya Budurwar Wawa, sannan waɗanda suka samu talabijin suka san Kasimu Yero. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, kaset ya shigo, gidan kallo mai janareto ya buɗe a kowane babban gari, aka yi zamanin Sangaya da Wasila. Faifan sidi ya zo ya wuce. Yanzu shagon turi ne, inda yaro da kwamfuta zai cika maka waya da kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba, abin da masu shirya fim ke kuka da shi kuma suna da gaskiya.

Ibro da magadansa

Duk wanda za a yi zancen dariya a ƙasar Hausa sai an biyo ta kan Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ibro. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, amma ka duba memorin kowane ɗan acaɓa a Safana, da wuya ka rasa shi. Yaran da ba su yi wayo ba lokacin da ya rasu suna kwaikwayon tafiyarsa.

Me ya sa ya daɗe haka? Ni a ganina, saboda Ibro bai taɓa zama wawa na gaskiya ba. Yakan shigo da siffar baƙauye, wando ɗangalalle, hula a karkace, kowa ya raina shi. Amma ka bi labarin, sau da yawa shi ke yi wa ɗan birni wayo, shi ke juya maganar mai kuɗi ta koma kansa, in kuma ya sha duka to ya riga ya ci abin da ya ci. Harshensa ne makaminsa. Yana da saurin cafke abin da duniya ke ciki kuma: ana zancen Usama ya fito da Ibro Usama, ana yaƙin Iraƙi ya fito da Ibro Saddam, kiɗan Awilo na tashe ya yi nasa. Mutumin ƙauye da ke kallonsa yana ganin ɗan uwansa ne ya shiga birni ya fito da riba. Rayuwarsa ma sai da ta yi nata barkwancin. Tsohon gandiroba ne kafin ya koma wasa, sai ga shi a 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar tace finafinai ta Kano, an yanke masa zaman gidan yari a kan Ibro Aloko.

Da yawa daga masu biyo bayansa kayan suka gada, suka bar basirar. A shafa wa haƙori baƙi, a sa riga a bai-bai, a yi ta ihu ana faɗuwa ƙasa, a ce wai ga baƙauye. Baƙauyen da bai san yadda ake buɗe ƙofar mota ba, wanda ke gaida mutumin cikin talabijin. A wace shekara muke? Mutumin da ake yi wa wannan zane shi ne wanda ya san farashin taki a kasuwa uku, yake karɓar kuɗi ta POS, yake sauraron BBC da asuba ya yi maka sharhin siyasar Nijar kafin ka wanke ido. Yana kallo, yana dariya ma wani lokaci, amma dariyar ta mai haƙuri ce. Ba na cewa duk an taru an zama ɗaya. Sulaiman Bosho yana da nasa gishirin, kuma Gidan Badamasi ya nuna ana iya gina dariya a kan hali da magana, a kan tsoho mai dukiya da 'ya'yan da ke jiran gado, ba sai an ci zarafin kowa ba. Daɗin Kowa na Arewa24 ya samu karɓuwa a nan don mutanen cikinsa sun yi kama da maƙwabta.

Sai kuma Indiya-Hausa. Soyayyar Bahaushe da fim ɗin Indiya tsohuwa ce, tun zamanin da Kwarori masu gidajen silima ke kawo su Kano, mutane na kallon Mother India ba su jin ko kalma. Da su Algaita suka fara ɗora murya da Hausa, abin ya canza kama. Yanzu ba faɗan Prabhas ko rawar Allu Arjun kaɗai ake bi ba, bakin mai fassara ake jira. Ga mutum da rawani irin na Indiya, a gaban gunki, yana zazzaga baƙar magana irin ta 'yan tasha. Rabin abin da ake faɗa ba ya cikin asalin fim ɗin, kowa ya sani, kuma ba wanda ya damu. Washegari ka ji karin maganar ta fito a bakin yara wajen ɗiban ruwa. Masu Kannywood sun daɗe suna cewa wannan sana'a ta karya musu kasuwa. Ta taɓa su, babu shakka. Sai dai ya kamata su tambayi kansu yadda aka yi mutum ɗaya a ɗaki da makirfo ya fi marubutansu sanin inda Hausa ke yi wa mutane susa.

Gidaje fari da baƙi

Mutanen da ke kallo haka, masu kama kuskure da canke da jin daɗin juya magana, su ne ainihin waɗanda aka ƙirƙiri wasan cike gurbin kalmomi dominsu, wanda Turawa ke kira kuroswod. Ga wanda bai san shi ba: zane ne mai ƙananan gidaje, wasu fari wasu baƙi. Ana ba ka 'yar manuniya, ka nemo kalmar, ka rubuta harafi ɗaya a kowane gida, wasu kalmomin a kwance wasu a tsaye, kuma duk inda suka gitta juna dole harafin ya zama ɗaya.

Wani ɗan jarida haifaffen Libaful, Arthur Wynne, shi ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya tara su a littafi, har da fensir a maƙale, Amurka ta haukace. New York Times ta yi ta kallon abin a matsayin ɓata lokaci, ta ƙi bugawa. Abin da ya sauko da ita yaƙi ne. Bayan harin Japan a Pearl Harbor a Disambar 1941, editocinta suka ga mutane za su riƙa zama a gida cikin fargaba da kashe fitilu, suna bukatar abin da zai ɗauke musu hankali. Ranar 15 ga Fabrairu, 1942 ta buga nata na farko, Margaret Farrar ce edita. Duk wanda ya kwana a Batsari yana sauraron ko ƙarar babur ce ko iska, ba sai an yi masa bayanin wannan dalili ba.

Akwai ma wani labari da na san zai yi wa mutanenmu daɗi. A 1944, ana gab da saukar sojojin ƙawance a Nomandi ta Faransa, sai kalmomin sirrin shirin, irin su Utah da Omaha da Overlord, suka riƙa fitowa a matsayin amsa a wasan jaridar Daily Telegraph ta Ingila. Jami'an leƙen asiri suka dira kan mai tsara wasan, wani hedimasta mai suna Leonard Dawe, suka yi masa tambayoyi, daga baya suka sake shi. Ashe zargin infoma ba a kanmu aka fara ba.

A jaridun Hausa da nake karantawa ba kasafai nake cin karo da wannan wasa ba, shi ya sa na ɗauki biro na gwada tsarawa. Manuniyar ba ta ba ni wuya ba, don rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kalma ɗaya a takarda sai ta ɗauki ma'ana biyu ko uku. Ga wasu da na gwada a kan matasan da ke zama shagon turi. Jariri na yin sa, uwarsa na kaɗa ta, haruffa huɗu: kuka. Ana zama cikinsa, ana tuƙa tuwo da shi: gari. Ya shiga da kaki, ya koma ba kaki: wannan kafin in rufe baki wani ya ce Ibro. Aka ce in ƙaro.

Zanen ne ya fitar da ni gumi. "Ts" na tsamiya gida ɗaya zai ci ko biyu? "Sh" fa? 'Ya'ya, ina za a ajiye waƙafin sama, ga shi maƙwabtanmu na Maraɗi suna rubuta shi da harafi mai lanƙwasa? In kafa ta gitta ƙafa, an yarda ko ba a yarda ba? Kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, sai ka ga gefen zanen ya cika da "a" kamar ana kiran sunan yara. Sannan ga babbar rigima, wadda wani malamin firamare ya tayar da na ce wurin saye da sayarwa, haruffa shida.

"Bakwai dai, Malam."

"Kasuwa. Ƙirga."

"Wannan ta Kano ce. Tamu kassuwa."

Yana da hujja. A bakin mutumin Ruma, 'ya ɗiya ce, fara hwara ce, tafi tahi ne. Mai tsara wasa zai bi daidaitacciyar Hausa, ba makawa, amma zai yi asara in bai riƙa saka gida ɗaya ko biyu da manuniyar ta ce "da Katsinanci" ko "da Sakkwatanci" ba. Kayan aiki kuwa akwai su jibge. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna kalmar da ta Katsina ce da wadda ta Sakkwato ce, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Wani amfani na daban: yaran da suka saba rubuta baki da baƙi iri ɗaya a WhatsApp, wasan zai tilasta musu lanƙwasa harafi ba tare da bulala ba.

Na ba ka gari

Gaskiyar magana, wasan baƙo ne a takarda kawai. A baki mun daɗe da shi. Yaran da suka tashi a tsakar gida sun san ƙulin ƙulifita, sun san baba na ɗaka gemu na waje. 'Yan mata suna da zaurance, samari suna da karangiya mai karya harshe, dattawa suna da dara a gindin bishiya, gurbi talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ana yi ana habaici. Bakatsine in ya gamu da Banufe ko Bahaɗeje, kafin a gaisa an fara jifa da magana. Da azumi ga tashe. Duk wannan motsa ƙwaƙwalwa ne da aka yi wa rigar wasa.

A ƙa'idar kacici-kacici, in ka kasa amsa sai ka ba da gari, mai tambaya kuma yana da ikon ya ƙi garin in bai yi masa ba. A nan ne na ji barkwancin da ya fi kowane fim da na kalla a shekarun nan. Yara na wasa a ƙofar gida, ɗaya ya kasa, ya ce na ba ka wani ƙauye, ya ambaci sunan wani gari na bakin daji. Mai tambayar, yarinya ce da ba ta wuce aji huɗu ba, ta ce, "Riƙe abinka, ba kowa ciki. Ba ni Katsina." Manyan da ke kusa suka yi dariya, sannan aka yi shiru, sannan wata tsohuwa ta ce Allah ya kyauta.

Irin wannan dariya tana da masu ita. Mutanen da suka binne 'yan uwansu bayan harin Tsauwa da Ɗankar a Fabrairun 2020, da waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, in sun yi wa halin da suke ciki ba'a, magani suke sha. Amma saurayin da ke zaune a birni, ya naɗa rawani ya rataya sanda a matsayin bindiga, ya kwaikwayi Hausar Fulani don ya tara mabiya a TikTok, wannan ba dariya yake nema ba, kasuwa yake ci da ciwon wasu, yana kuma ƙara hura wutar da ta riga ta raba maƙwabta. A Batsari da Safana, Bahaushe da Bafulatani sun yi auratayya sun ci kasuwa ɗaya tun kafin a haifi kakansa.

Labarin da za a yi fim da shi bai ƙare a yankin nan ba. Fim ɗin Mai Martaba, wanda Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar ta 2025, a Daura aka ɗauke shi, alamar cewa tarihin jihar nan yana sayuwa. Ƙasar Ruma tana da Ɗanwaire, jarumin ƙarni na 19 da har yau tsofaffi ke ba da labarin yaƙe-yaƙensa, kuma labarinsa ya isa shiri mai dogon zango. Duk daraktan da zai taɓa shi, ko zai sa wani ya riƙe hauya, ya fara zuwa ya zauna da masu abin, ya bari su gyara masa tun kafin kyamara ta tashi.

Ga editocin Aminiya da Leadership Hausa, da gidajen rediyon Katsina, da malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma: ku zauna ku yanke hukunci a kan "ts" da "sh", ku ba ɗalibai aikin tsara wasan cike gurbi ɗaya duk mako. Ku fitar da shi a hoto mara nauyi wanda Xender zai iya ɗauka, amsa ta biyo mako mai zuwa. Masu shagon turi za su raba shi tare da fim.